Zabiya Ta Rasu da Ɗurinta a Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga abin da Allah Ya hukunta, Malam Isyaku Maharbi na Indabo, a ƙasar Wudil, shi da iyalinsa, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa toshe kunne saboda ita, rasuwar bindigarsu harba-ka-ruga, wadda aka fi sani da Zabiya. Ta rasu ranar Asabar da safe a ƙofar gida, a kafaɗar mai ita, a gaban surukai, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san tana yi, har shi da suke kwana ɗaki ɗaya.

Ba a san shekarun marigayiya ba. Abin da aka tabbatar shi ne ta girmi Malam Isyaku, domin mahaifinsa ne ya sa aka ƙera ta tun yana saurayi, a maƙerar kakan Maikano, maƙerin garin na yanzu. Saboda muryarta aka sa mata wannan suna. Al'adar gidan ce, duk ranar sunan jariri, da zarar an raɗa suna an shafa fatiha, sai mai gida ya fito fili, ya ɗaga bakinta sama, ya ja kunama. Sai ka ji "Daram!" Kaji su watse, jakuna su tsinke igiya, tsofaffi su zabura suna salati suna dariya, mata a cikin gida su ɗauki guɗa. Wanda yake gona ma ya san gidan Maharbi ya ƙaru. Ta yi wa Malam Isyaku ranar sunansa, ta yi wa ƙannensa, ta yi wa 'ya'yansa, ta yi wa jikokinsa ɗaya bayan ɗaya. Har gori yaran gidan suke yi wa na maƙwabta, su ce mu da bindiga aka tarbe mu duniya.

Marigayiya mai kawaici ce. Magana ɗaya take yi ta yi shiru, sai an sake ɗura ta. Ba ta taɓa neman fetur ba, ba ta taɓa neman caji ba, kuma duk tsawon rayuwarta ba a taɓa nuna ɗan Adam da ita ba, abin da ba kowace bindiga ce za a faɗa wa haka a wannan zamani ba. Ta ciyar da gida da zomo da fakara. Ta tsare shinkafar fadama daga tsuntsayen jan-baki, tun lokacin da ake iya harba ta safe da yamma ba tare da an yi lissafi ba. Ba a ce ba ta da aibi ba. Tana da harbin baya kamar na jaki, shi ya sa kafaɗar Malam Isyaku ta dama ta ɗan karkace, kuma kunnensa na wannan gefen ya daɗe da yin murabus. Shi dai bai taɓa kai ƙararta ko'ina ba.

Ciwon ajalinta a kasuwa ya fara. Da can, in ya je Wudil ranar Juma'a, akwai tsohon da yake auna masa albarushi da gwangwanin tumatir, har ya ƙara masa gyara. Aka wayi gari gwangwani ya koma cokali, cokali ya koma murfin kwalba. Tun da ɓata-gari suka ɓata wa bindiga suna, mai sayarwa ma sai ya duba gabas da yamma kafin ya kwance ƙullinsa, kuma tsoron da ya ji a kan mai saye yake ɗora kuɗinsa. Ashanar da ake kankare kanta a ɗana wa kunama ita ma ta bi sahu. Tsumman da ake dannawa a kan ɗuri ne kaɗai bai tashi ba, shi ma don daga tsohon zanin Hansai, matar gidan, ake yagowa. Ya kai ga zomon da aka harbo ya fi naman mahauci tsada, in kuwa aka yi kuskure ya tsere, ranar Malam Isyaku ba ya iya cin tuwo. Ya daina farauta. Ya daina harba ta ranar Salla. Zabiya ta koma rataye a ƙusa, tana kallon mai ita, yana kallon ta.

Ana cikin haka, da bazara, Hansai ta same shi a zaure ta gaya masa a hankali cewa Khairiyya tana da juna biyu. Khairiyya ita ce autarsu, tana aure a Wudil wurin Ɗayyabu malamin makaranta, kuma ta daɗe tana jira. Ta ga an harba wa 'ya'yan yayyenta, ta ga an harba wa 'ya'yan dangin da aka yi wa aure bayanta, kowane suna tana cikin masu guɗa, ta koma gida hannu rabbana. Malam Isyaku ya kau da kai, domin ba maganar uba ba ce. Amma Juma'ar da ta zagayo ya kama kajinsa ya kai kasuwa, ya dawo da ɗuri ɗaya cikakke, irin na suna, wanda ba a yi masa ƙwauro. Ya ce gara ya saya yanzu, domin kafin kaka wa ya san inda kuɗinsa zai kai.

Albarushi ya shiga gora, labari ya fita gari. Akwai Dattijo, abokin farautarsa tun suna samari, mutumin da ba a iya hana shi abu a kwana lafiya. Malam Isyaku ya san zai zo, ya san kuma shi ba ya iya ƙarya, ba ya iya cewa ba zan bayar ba. Dabarar da ta zo masa ita ce ya juye ɗurin gaba ɗaya a cikin Zabiya, ya danna tsumma da kyau, ya mayar da ita ƙusa. Da Dattijo ya iso, bayan an gaisa an tambayi iyali da gajiya da zafi, ya gyara zama ya ce, "Isiya, a taimaka mini da ɗan abin nan ko rabin murfi ne, gafiyoyi sun hana ni sakat." Malam Isyaku ya ɗauko gorar, ya kife ta, ya bubbuga gindinta, ya ce, "Wallahi Dattijo, gorar nan ko ƙwaya babu." Bai yi kaffara ba, gaskiya ya faɗa. Ranar har yabon kansa ya yi.

Kada wani ya ce bai san aikinsa ba. Ya fi kowa sanin albarushi ba ya son dogon kwana a cikin ƙarfe. A zamanin wadata, in ya dawo daga daji da ɗuri bai harba ba, sama yake sakin sa kafin ya shiga gida. Yanzu da me zai saki, da me zai mayar? Ya toshe mata baki, ya naɗe ta da buhu, ya bar sauran ga Allah. Damina ta sauka, bangon ɗakin ya sha ruwa har gansakuka ta fito. Kullum yana sauke ta ya shafe ta da man gyaɗa, tana sheƙi kamar amarya, ciki kuwa laima tana aikinta.

Da shinkafa ta fara nuna, jan-baki suka zo, garke guda, har inuwa suke yi wa fadama. Malam Isyaku ya wuni yana zagaye gona da gwangwani da tsakuwa, yana kaɗawa yana ihu har muryarsa ta dushe, Zabiya kuwa tana saɓe a kafaɗarsa, cike da ɗuri. Yakan ɗaga ta ya nuna su. Da farko suna tashi, daga baya suka gane, har wasu suna sauka a kan kunyar da yake tsaye. Hansai ta kawo masa fura, ta ga abin da ake ciki, ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, ka harba mana! Abincin shekararmu ne fa suke ci." Ya dube ta da idanu jajaye ya ce, "In na harba yau, Hansai, ranar suna me zan harba?" Su biyun sun san harbi ɗaya ba zai kore su ba sai na ɗan lokaci, kuma sun san ba na biyu. Abin da aka girbe bai kai rabin na bara ba.

Khairiyya ta zo gida goyon ciki, Allah Ya sauke ta lafiya, aka sami ɗa namiji. Ranar suna dangin Ɗayyabu suka ciko mota daga Wudil, domin ya sha ba su labarin bindigar surukinsa. Liman ya faɗi suna, sai ga shi Isyaku aka sa wa yaro. An yi wa Malam takwara, bai kuwa san za a yi ba. Ya share ido da hannun riga, ya shiga ɗaki, ya fito da Zabiya. Mutane suka ja da baya suna toshe kunne. Samari suka ɗaga wayoyi. A cikin gida mai jego ta ce a miƙo mata jaririn ta riƙe shi da kanta, don kada ya firgita.

Ya ɗana kan ashana, ya ɗaga bakinta sama, ya yi bisimilla, ya ja kunama. Ta ce "ƙyat." Ya kankaro wani ya ɗana, ya sake ja. Ta ce "ƙyat." Da ya kuma gwadawa sai ta ce "fuuus," wani ɗan siririn hayaƙi ya fito ta gefe, kamar ajiyar zuciyar mara lafiya. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe a duniya.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi masa sauƙi. Surukai suka sauke hannu daga kunne, suka shiga duban ƙasa. Matan da suka cika baki da guɗa suka haɗiye abarsu. Can aka aiko daga ɗakin mai jego cewa, "A gaya wa Baba ba komai, yaron ma barci yake yi." Tsuntsaye sun cinye masa shinkafa bai yi kuka ba, amma wannan saƙon ya sa shi kuka, a tsaye, da bindiga a hannu.

Maikano maƙeri ne ya tabbatar da rasuwar. Ya ƙwanƙwasa ta, ya kara kunne, ya zura ƙarfe ya ji ɗurin ya daskare kamar dutse, tsatsa kuma ta cinye gindin bututun har ya zama kamar ɓawon albasa. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Ta waje kaɗai ta rage. Ba zan sa ta a wuta ba, domin da abinta a ciki, ba kuma zan tona ba, ina son yatsuna." Ya ce ana iya ƙera sabuwa. Malam Isyaku ya tambaye shi, in an ƙera, da me za a ciyar da ita? Maikano ya ci gaba da zuga zugazuginsa.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita da karkatacciyar kafaɗa, da gora wofi, da sandar ɗuri wadda yanzu ake korar awaki da ita, da ƙusa a bango wadda ya hana a rataya komai a kanta. Ta bar Hansai, wadda ta shekara da shekaru tana mitar baƙin hayaƙinta, yanzu kuma in ta shiga ɗakin ba ta kallon wannan bangon. Ta bar Dattijo, wanda sai yanzu ya gane inda albarushin ya shiga, ya zo gaisuwa, da zai tashi ya ce, "Isiya, da ka ba ni rabi, da ka ga dalilin duba cikinta." Ta bar jan-baki masu yawa cikin ƙoshin lafiya. Ta kuma bar Isyaku ƙarami, ɗa ɗaya tilo a zuriyar gidan da ya zo duniya ba ta yi masa barka da zuwa ba.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ba wanda ya yi masa musu. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da sikelinsa, an sallame shi tun daga zaure. Za a binne ta ranar Laraba bayan la'asar, a bayan rumbu, bakinta yana duban fadama inda babu gidan kowa. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida. Akwai tabarma da ruwan sha, amma masu zuwa su yi haƙuri, ba za a dafa shinkafar sadaka ba, waɗanda suka riga mu sun cinye. Ana roƙon masu shan taba su kashe ta tun daga bakin hanya, kada kuma kowa ya tsaya ta gaban mamaciya.

Malam Isyaku ya so ya sake gwada ta a kafaɗarsa kafin a binne ta. Maikano ya hana, Hansai ta hana, don haka an yi sulhu a kan za a ɗaure ta a jikin turke, a ɗaura wa kunamar doguwar igiya. Malam Isyaku ya ajiye kan ashana guda ɗaya, zai ja sau ɗaya kafin a saka ta a rami. Yana roƙon Khairiyya, in jikinta ya yi ƙwari, ta fito da yaron ta tsaya da shi daga bakin danga, nesa inda ba abin da zai same shi, amma inda zai iya ji.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi.