Sarkin Tabarma da Barkonon Inna

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na riƙe tabarmar gasar kurket ɗinmu ba.

Malam Sada ne ya kafa gasar. Tsohon malamin makaranta ne da ya koyo wasan a kwaleji, ya dawo Batsari da sanduna biyu da ƙwallo ɗaya. A hankali aka samu ƙungiyoyi a Batsari, Karare, Safana da Zakka, muna bugawa bayan girbi. Matsalarmu yashi: ƙwallo ba ta tashi a kansa. Sai Malam ya sa aka saƙa doguwar tabarmar kaba, ita kaɗai gare mu, duk garin da za a yi wasa a kai ta a bayan a-kori-kura. Mai ajiyarta shi ne Sarkin Tabarma, kuma na daɗe ina kwaɗayin sarautar nan (tunda bugu dai ban iya ba).

Da na samu, har tafiyata ta canza. Ana saura mako wasan ƙarshe, Inna ta gan ta a zaure.

"Wannan zaman me take yi? Ara mini in shanya barkono."

Wa zai ce wa mahaifiyarsa a'a? Bayan ta gama na kakkaɓe ta sama-sama, na naɗe.

A Safana, bisa al'ada, Malam Sada ke buga ƙwallon farko. Ya gyara tsayuwa, aka jefo. Ƙwallo na dira, wata jar ƙura ta tashi. Malam ya yi atishawa har hularsa ta faɗi.

"Alhamdu lillahi," in ji shi.

"Yarhamukallah," in ji fili gaba ɗaya.

Sai ya sake. Sai mai tsaron baya ya kama, sai alƙalin wasa. Ni kuwa na dage ina kallon sama kamar mai neman wata.

Malam ya share hawaye, ya yafito ni. "Ɗana, wasa ka kira mu ko miya?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Aka wanke tabarma, aka ɗage wasa, sarauta ta koma Zakka. Malam bai taɓa yi mini faɗa ba, amma har ya rasu Sarkin Yaji yake kirana, kuma yanzu ina kewar jin sunan a bakinsa.

Abin da na koya: kafin ka karɓi amanar jama'a, ka fara tambayar Inna ko tana da shanya.