Ciyawar da Na Saya da Kuɗina

Da na gama gina gidana a Gadarif, sai na ƙudurta tsakar gidan ba za ta zauna ƙasa tsurarta ba. Na je wajen mai sayar da shuke-shuke ina taku ɗai-ɗai, na ce a ba ni najila, ciyawar ado wadda ba ta tsoron rana. Ya nuna min wata koriya shar, an yanko ta da ƙasarta kamar darduma. Ko tayi ban yi ba, don kada a raina ni.

Sati biyu ina shayar da ita ruwan saye, matata tana wanki da ragowar.

Sannan na gayyato Kawu Isa daga Doka, wanda ya tsufa yana aikin gonakin dawa, ya zo ya ga ci gaba. Ya tsuguna, ya tsinko ɗaya, ya duba saiwar.

"Ya waladi, ɗana, saya ka yi?"

"Mai tsadar ma, Kawu."

"Kiri-kiri ce, ciyawar da ke cin gona. Shekara talatin ana biyana in tuge ta."

Shayin da ke hannuna ban iya shanye shi ba. Har yau, damina na kankama Kawu zai bugo waya: sun tuge cikin lori guda, a kawo min gida ne ko zan aiko?