Rasuwar Allon Yanka na Tsohon Tela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hannu ɗaya mai aiki, tsohon telan bakin layi yana sanar da 'yan uwa da abokan hulɗa rasuwar allon da yake yanka yadi a kai, wanda ya yi masa hidima tun shekarar da ciwo ya shanye masa hannun hagu.

Marigayin asalinsa ƙyauren wani ofis ne da aka yar. Falanki biyu ne sirara, sama da ƙasa, tsakaninsu kwali da aka manna gida-gida kamar saƙar zuma. Rabin cikinsa iska ce, amma wane katako! An sha jibga masa bandir-bandir na yadi, bai taɓa lanƙwasa ba. In an ƙwanƙwasa shi, "kum-kum" yake cewa, daga nan ba ya ƙarawa.

Babban halinsa rashin nauyi. Shagon ba ya cin mutum da tebur lokaci guda, don haka kowace safiya tela kan rungumo shi da hannun dama, ya fito da shi baranda, ya ɗora kan ƙafafun ƙarfe biyu, ba tare da ya kira kowa ba. A kan wannan suka yi alkawari da babban ɗansa: ranar da ya kasa buɗe shago shi kaɗai, ranar zai ajiye almakashi.

Jinyar ta faro ne daga feshin ruwan sama da ya jiƙa kwalin ta gefe. Tela ya gani, ya rufa masa asiri da ƙyalle. Sai ga surukinsa, mutum mai jiki masha Allah, ya zo yi masa nasiha kan amfanin hutu, ya rasa wurin zama duk barandar sai gefen marigayi, dab da ƙafar ƙarfen. Aka ji "ƙiiiƙ". Falankin sama bai fashe ba, na ƙasa ma haka. Ciki ne ya goce: gidajen kwalin suka kwanta gefe guda, sama ta zame ta bar ƙasa. Suruki bai katse nasiharsa ba.

Ya rasu ya bar ƙafafun ƙarfe biyu, da almakashi, da guntun alli, da ɗinkin mutane da ba a yanka ba. Ɗan, Allah ya yi masa albarka, ya aiko da magaji: tebur na katako zalla, ƙarti huɗu suka shigar da shi shago suna nishi. Tela ya yi godiya. Da suka tafi ya gwada ɗaga kusurwa ɗaya, ya kasa. Wallahi abin ya yi masa ciwo.

Za a raka marigayi bayan shago gobe da hantsi. Ana roƙon suruki ya yi ta'aziyyarsa a tsaye. Ba a buƙatar masu ɗauka. Tela zai kai shi da kansa, da hannun dama, ya dawo ya rufe shago.