Rasuwar Mai Ido Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma cikin da tun jiya ya ƙi karɓar ko ruwan koko, ni Labaran Yamusa, mai kula da kwamfutoci a hawa na biyu, nake sanar da ma'aikatan hukumarmu, na nan Abuja da waɗanda suka rage a Legas suna jiran tirela, rasuwar abokin aikinmu Mai Ido Takwas. An tarar da shi ya cika ranar Litinin da safe, a cikin kabad ɗin ƙarfe da ke bayan teburina. Ya rasu yana da shekara biyar.

Ga wanda bai san marigayin ba, ƙaramin akwati ne ruwan toka, girmansa bai wuce na rediyon hannu ba. Yana da ramuka takwas a baya da korayen fitilu takwas a gaba. Bakwai daga cikin ramukan na wayoyin kwamfutocin tebur ne, na takwas kuma na Giwa, babbar na'urar da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da takardunsa. Duk abin da kwamfuta za ta tambayi Giwa, ta hannun marigayi yake bi, amsar ma ta hannunsa take dawowa.

Bai taɓa neman hutu ba. Bai san babba da ƙarami ba: saƙon Darakta da na mai buga takarda, wanda ya riga zuwa shi yake fara wucewa, abin da ni kaina ban isa in yi ba. Ba shi da surutu. Iyakar maganarsa ita ce "fiiii" ta 'yar fankar cikinsa, sai kuma "ƙit-ƙit" idan aiki ya yi yawa. Da wannan "fiiii" nake sanin lafiyar ofis tun kafin in ajiye jaka.

Da gwamnati ta ce kowa ya tattara ya koma Abuja, an ɗora Giwa da sauran kaya a tirela. Shi kam ban yarda ba. A cinyata ya yi tafiyar, cikin doguwar bas, tun daga Legas har Zuba, ko sallah zan yi sai in ajiye shi inda idona ke kai. Saboda tafiyar ce maiɗakina ta ɗinka masa riga ta karan-miski, mai zif, da 'yan kafofi daidai wayoyinsa. Wallahi rigar ta yi masa kyau.

Sabon ginin da aka ba mu, ku shaida ne, ofisoshinsa babu ƙofa, ramukan eyakwandishan kuma tsuntsaye ne ke shiga da fita. A makon farko butar shayi ta yi ƙafa, agogon bango ya bi ta. Sai na ce ba da ni ba. Na saka marigayi a kabad ɗin ƙarfe da rigarsa, na fito da wayoyin ta wata huda a baya, na kulle, na ɗaura mabuɗin a mazagin wandona.

Ciwon ajalinsa ya fara ne mako uku da suka wuce, da zafin watan Maris ya kankama. Da safe lafiya lau. Azahar na yi sai kwamfutoci su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta rubuta cewa ba ta ga Giwa ba, alhali ga Giwa nan a ɗaki tana gurnani. Wannan kuwa a daidai lokacin da ake buga takardun rabon gidaje, ma'aikata sama da ɗari biyu suna kwana a ɗakunan aro a Durumi da Mpape, kullum suna cika baranda suna leƙo mu.

Babu abin da ban gwada ba. Na zare kowace waya na hure bakinta na mayar. Na musanya ta wannan tebur da ta wancan. Na kwance bayan kwamfutoci bakwai na girgiza katin da wayar ke shiga. Na kashe Giwa na kunna har sau huɗu, ita kuwa ba ta tashi sai ta yi minti arba'in tana miƙa. Na hau cikin silin da tocila a baki ina bin waya taku-taku, ko ɓera ya ci. Shi ma marigayi na duba shi, sau nawa ma. Amma duk lokacin da na buɗe kabad na tsaya a kansa, kafin minti goma sai idanunsa takwas su dawo garau, ofis ya ɗauka. Sai in ce, ai ka gani, shi kam lafiyarsa ƙalau. In mayar da ƙofa in kulle.

Hansatu, mai buga mana takardu, ta taɓa dafa kabad ɗin ta janye hannu da sauri. Ta ce, "Malam Labaran, nan ai ko masara aka sa za ta gasu." Na ce mata ta tsaya a kan abin da aka ɗauke ta yi. Ban taɓa yi mata magana haka ba.

Ranar Alhamis Oga Edward, Daraktanmu, ya kira ni. Bai ce in zauna ba. Ya ce yana son sunan abin da ya lalace ko sunan wanda ya lalata shi, a rubuce, kafin a tashi. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na zauna na rubuta cewa matsalar daga wayoyin cikin bango ne, kuma wanda ya ja su shi ne Zacharias, mai gyaran wutarmu. Ban auna wayarsa na sami laifi ba. Ita ce dai kaɗai abin da ba ni na taɓa ba. Washegari aka dakatar da shi, aka ce kwamiti zai zauna a kansa.

Ranar Juma'a, don in nuna ina ƙoƙari, na bar komai a kunne na kulle kabad na tafi gida. Kwana uku marigayi ya yi a ciki, babu mai buɗe masa ƙofa. Litinin na shigo ban ji "fiiii" ba. Na buɗe, ƙauri ya doke ni. Da na zuge zif ɗin, karan-miskin ya manne a kan ramukan da yake numfashi ta cikinsu, har ya yi baƙi. Na tsaya riƙe da shi. Ashe duk warkewar da yake yi a gabana, iska ce kawai yake samu idan na buɗe ƙofa. A Legas ɗakinsa har sanyi yake sa ni mura, kuma tsirara yake zaune a kan tebur. Son da nake masa ne ya kashe shi.

Marigayi ya bar Giwa, wadda ke nan da ranta amma ba ta da mai kai mata magana. Ya bar kwamfutoci bakwai, marayu, da na'urar buga takarda guda da takardar gidan wani maƙale a bakinta. Ya bar ƙane a ofishinmu na Legas, wanda aka ce yana hanya, in tirela ta ga dama. Ba zan ce Allah ya jiƙansa ba, kada malamai su yi mini ca, amma Allah ya ba mu haƙuri.

Ina godiya ga duk waɗanda suka zo ta'aziyya. Cikinsu har da Zacharias, wanda ya tako daga Durumi jiya da rana, ga shi an hana shi wuce get, sai da na sauka. Mutumin da gonar doyar mahaifinsa ce aka gina wannan ofis a kai, 'ya'yansa biyar. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Oga Labaran, sannu fa. Na ji akwatinka ya mutu. Waya na ba shi da laifi, Allah ya sani. Kai ne ka san aikin, don Allah ka faɗa masu jibi." Bai san wanda ya rubuta sunansa ba. Na ce masa to, na hau sama na kulle kaina a banɗaki.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da ƙarfe goma na safe, a ɗakin taro na hawa na uku, daidai lokacin da kwamiti zai zauna. Ba za a yi wa gawar wanka ba, kuma ina roƙon kada kowa ya cire mata rigar, don haka nake so Oga Edward ya gan ta. Ni zan ɗauko ta da hannuna, in ajiye a kan tebur tare da mabuɗin kabad da takardar da na rubuta ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Hansatu, ina roƙon ki zo ki maimaita maganar masara, wannan karon ba zan katse ki ba.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a teburina har ƙarfe goma saura kwata. Bayan haka ban san ko teburin zai ci gaba da zama nawa ba, sai a tambayi Darakta. Kai kuma Zacharias, an ce ka kawo kayan aikinka ka miƙa wa sito. Ka zo da su, amma kada ka miƙa tukuna. Soket ɗin ɗakin taron ma ya kwana biyu yana tartsatsi.

Labaran Yamusa,
a madadin iyalan marigayi.