Dankalin da Ya Fashe a Cinyar Mijina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Tantance Lambobin Yabo da Gyaran Takardun Tsofaffin Sojoji,
Hawa na Tara, Babban Birni.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da mutumin da hatiminsa ya fi idon shaida gani, ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka da na'urar da ke amsa muku waya, wadda muka shaƙu da ita har na haddace kiɗanta. Sunana Glenys Pfitzner, matar Mervyn Pfitzner na garin Wirrabinna, manomin alkama a wajenmu, mai fere dankali a takardunku. Shekara shida ke nan ina rubuto muku a rufe. Wannan karon na ba jaridar gundumarmu ta buga, don na lura wasiƙar da aka liƙe bakinta ba ta cika samun mai buɗe ta a ofishinku ba.

Don kada in wahalar da kai da neman fayil, ga labarin. A 1969 Merv yana Vietnam tare da abokinsa Des Trethewey, mai askin tumaki, dukansu 'yan shekara ashirin da ɗaya. Wata safiya sunan Des ya fito a jerin masu fita sintiri, na Merv a jerin masu aikin kicin. Des kuwa yana fama da maruru a wurin da ba a ambata a wasiƙar hukuma, ko zama ba ya iyawa, balle tafiyar kwana biyu da kaya a baya. Merv ya ce masa, "Miƙo bindigar nan, je ka fere dankalin a tsaye." Sajan ɗinsu ya gani ya kau da kai. Magatakarda kawai aka manta a gaya wa.

Aka yi musu kwanton ɓauna a bakin wani rafi. Sajan bai dawo da rai ba. Merv ya goyo mutum uku ya haye da su rafin ɗaya bayan ɗaya, na ukun ma da ƙarfe a cinyarsa ya ɗauko shi. Hafsan da ya rubuta rahoto kwanansa goma sha biyu da zuwa, bai gama sanin fuskoki ba, sai ya duba jerin sunaye ya rubuta Des. Aka liƙa wa Des lambar bajinta. Aka kuma raɗa musu cewa in suka buɗe baki, su biyun za a gurfanar saboda musanya aiki ba izini. Yara ne, suka ja bakinsu suka yi shiru.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya, batun cinya. Takardarku ta ce raunin Merv "hatsarin kicin" ne. Hoton asibiti ya nuna gutsattsarin ƙarfe bakwai, kuma duk ranar da muka bi ta filin jirgi sai na'ura ta yi ƙara an ja shi gefe. Ranka ya daɗe, shekara hamsin da biyu nake fere dankali a gidan nan, ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Wane iri ne? A wace ƙasa ake noma shi? Idan har soja na da shi a rumbu, ina ganin ya kamata a sanar da jama'a, akwai masu yara a gida.

Na biyu, shaidar Des. Ya je gaban mai rantsarwa ya rantse cewa ranar yana kicin a tsaye da wuƙa da bokiti, kuma Merv ne ya fita. Kuka amsa da cewa dokarku ba ta karɓar shaida sai ta wanda yake wurin da abin ya faru, shi kuwa da bakinsa ya ce ba ya wurin. Muka rubuto muka ce ai takardunku sun nuna yana wurin. Kuka amsa cewa haka ne, tunda kuwa takardu sun nuna yana wurin, to lambar tana hannun mai ita. Na karanta amsoshin nan biyu a jere har sau huɗu, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Na jinjina wa wanda ya rubuta su. Da an ba shi aikin shingen gonarmu, ko zomo ɗaya ba zai shiga ba.

Na uku, sauran shaidu. Lokacin da na fara rubuto muku, biyu daga cikin mutum ukun da Merv ya goyo suna da rai. Lionel Haupt ya cika fom ɗinku da hannunsa, shafi tara. Kuka mayar masa saboda shuɗi ne, an koma amfani da kore. Kafin koren ya iso an yi jana'izarsa. Kev Aldous kuma ya jira ku sa masa ranar ganawa shekara biyu da rabi. Wasiƙarku ta iso mako biyu bayan rasuwarsa, tana cewa lallai ya zo da kansa, ba a yarda da wakili ba. Matarsa ta bugo mini ta ce, "Glenys, ga tokar gawarsa da aka ƙone nan a falo cikin tulu. In kai musu, ko ita ma wakiliya ce?" Na ce ta dakata sai na tambayo ka. Ga shi na tambaya.

Na huɗu, ita kanta lambar. Sau uku Des yana ƙunshe ta ya aiko muku. Sau uku kuna mayar masa, kowane karo da takardar yaba masa kan tawali'u. A karo na ukun har goge ta kuka yi kuka sa mata sabon ƙyalle. Ya zo ya ajiye ta a teburina ya ce, "Glenys, wannan abar ta fi karena sanin hanyar gida." Tana cikin gwangwanin biskit a saman firjinsa, bai taɓa maƙala ta ba ko sau ɗaya. Kowace ranar ashirin da biyar ga Afrilu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a faretin tsofaffin sojoji, kowa da lambobin nan da ake ba duk wanda ya je. Merv ya ce, "Jarumi, ya wurin zama?" Des ya ce, "Da sauƙi, Kuku, ya dankali?" Shekara hamsin da biyar ana wannan gaisuwa, duk garin ya san ma'anarta. Ofishinku ne kaɗai labari bai kai ba.

Kana iya tambaya, me ya sa sai yanzu? Tambaya ce mai kyau, kuma ita kaɗai ce ba ku yi mini ba a shekara shida. Merv bai taɓa ganin takardarsa ta soja ba sai da likita ya nema saboda ƙafar. Ya karanta layin nan na kicin, ya fita ya hau tarakta ya zauna har rana ta take bai tayar da ita ba. Da ya shigo ya ce, "Glenys, ni ban damu da ƙarfen rataye a ƙirji ba. Amma in ina kicin, wa ya ji abin da Sajan ya faɗa kafin ya cika? Ni na je har ƙofar gidan matarsa na isar mata. Ke nan ƙarya na yi wa matar mamaci?" Abin ya ƙona mini rai, ranka ya daɗe, har yau kuma bai daina ba.

Na biyar ba ƙorafi ba ne, godiya ce. A wasiƙarku ta ƙarshe kun haɗo da wata 'yar takarda mai bayanin cewa idan mai nema ya rasu, akwai fom na musamman, shafi biyu kacal, ana kammala duba shi cikin mako takwas, kuma matarsa tana iya maƙala lambar a ƙirjinta na dama, kamar yadda iyalan mamata ke yi. Hagu dai na mai ita ne, in yana raye. Na karanta wa Merv a gadon asibiti. Ya ce, "Ashe ni nake ɓata musu lokaci." Na gode da shawarar. Na duba rigata ta fita, na ga gefen daman lafiyarsa ƙalau a haka, ba na so a huda mini shi.

Yanzu sai sanarwa, don kada a ce an yi abu a bayan idon hukuma karo na biyu.

Cutar da ta kai Merv asibiti ta bar ƙafa ta koma huhu. Likita ya ce wata uku, kuma shi ba ya canza launin fom. Ina jin tsoro, na faɗa a nan tunda a gida ba na faɗa. Saboda haka ranar ashirin da biyar ga Afrilu mai zuwa, da ƙarfe goma na safe, a gindin gunkin sojan nan da ke gaban zauren gari, Des Trethewey zai buɗe gwangwanin biskit, ya fito da lambar, ya maƙala wa Mervyn Pfitzner a ƙirjinsa na hagu. Na san doka ta hana mutum sanya lambar da ba a ba shi ba, na kuma san hukuncin yana kai ɗaurin wata shida. Ɗan sandan garinmu ya riga ya sanar da ni cewa ranar zai kasance can ƙarshen gari yana kula da cunkoson motoci. Motocin garinmu in an haɗa da ta limamin coci ba su kai ashirin ba, amma ya ce aiki aiki ne. Don haka sai dai ku turo naku mutumin.

Ba zai sha wahalar gane mai laifin ba. Shi ne siririn tsohon nan a keken guragu, cikin kwat ruwan ƙasa da ta yi masa yawa. Ba zai gudu ba. Akwai shayi da gasasshen nama a zaure bayan fareti, za a ajiye wa baƙonku faranti.

Abu ɗaya ya rage da nake neman jagorancinka a kai. Doka tana son wata shida, likita ya ba da uku. Na kai wa Des wannan matsala, ya ce kada hukuma ta damu, Merv ya yi nasa ukun, shi zai ƙarasa masa ragowar, tunda dama akwai aikin kwana biyu da Merv ya taɓa yi masa. Roƙonsa ɗaya ne: wannan karon a gaya wa magatakarda.

Ga shi na gaya maka.

Taka mai biyayya, mai jiran amsa cikin kowane launi ya sauwaƙa,

Glenys Pfitzner
Matar mai fere dankali,
Wirrabinna.