Ƙirjin Alhaji Mijinyawa

Duk Fadaman Mada babu mai ƙirji irin na Alhaji Mijinyawa. Sauran jama'a an ba su zuciya don ta harba jini kawai. Tasa kuwa har da gadin unguwa take yi. Yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin dalbejiya, ko tsinke bai ɗaga ba, sai ta kama dukan uku-uku. Nan take zai dafe ƙirji ya lumshe ido, majalisa ta yi tsit.

"Gaibu sai Allah," zai ce, "amma akwai bayin da ake ɗan taɓa wa kafaɗa. Wani abu na tafe."

Kuma bai taɓa kuskure ba. In ba a ɗauke wuta ba, akuyar wani za ta ɓata. In akuya ta dawo gida lafiya, keke zai gogi katanga a hanyar Yelwa. Da labari ya iso sai Alhaji ya gyara zaman hula ya ɓare goro. Samarin unguwa suka raɗa masa suna Hasashen Yanayi, shi kuma ya karɓa kamar an naɗa masa rawani.

Baiwa irin wannan sai da kiwo. Tun da ya yi ritaya daga sakatariya, da baƙin shayi mai kauri yake karyawa, ya ɗora kofi a kai, saboda su mutanen ofis ne. Goro ba ya barin kuncinsa. Barci kuwa, a ganinsa, aikin waɗanda ba a dogara da su ne.

Maiɗakinsa, Hajiya Sauda, ta roƙe shi ya leƙa asibiti. Ta ce yayarta da ke Gubi haka ta fara, da aka duba ashe jininta ne ya yi ƙasa. Alhaji ya dube ta cike da tausayi.

"Sauda, likita ya san jini, bai san sirri ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Yarinyar, wadda ke da jikoki, ta kwashe kofunanta ta shige ciki.

Sai bugun ya sauya salo. Ya riƙa daɗewa, yana tsallake, yana zuwa da jiri. Matakalar masallaci ma sai ya tsaya ya nemi numfashi. Da wani ne da ya tsorata, amma Alhaji ya gane cewa saƙo ne ya yi nauyi. Ya tara majalisa ya sanar: wani babban mutum a unguwar nan zai kwanta.

Daga nan ya shiga zagayen duba manya. Amininsa Malam Hammajoda, tsohon dillalin shanu mai lafiya kamar bijimi, ya sha sannu safe da yamma har ya fara jin ciwon da babu shi. Ya tara 'ya'yansa ya yafe musu. Liman kuwa da ya hango Alhaji sai ya sauya lungu.

Ranar sunan jikan Hammajoda, ana shafa fatiha Alhaji ya miƙe don ya tunatar da jama'a su kasance cikin shiri. Ƙirjinsa ya matse, ƙasa ta juya, ya zube tsakiyar takalman mutane. Hammajodan da ake jira ya kwanta, shi ya cicciɓe shi ya sa a keke napep.

A asibiti likita Patience ta manna masa wayoyi a ƙirji, ta sa aka ɗebi jini. Ta yi masa bayani a gaban Hajiya Sauda da Hammajoda cewa bugun zuciya mutum na zaune sau da yawa goro ne, ko kofi, ko rashin barci, ko damuwa, ko ƙarancin jini. Amma tasa zuciyar ta saki saiti, ga hawan jini da ya daɗe ba a kula ba. Duk wanda bugun ya zo masa da jiri, ko ciwon ƙirji, ko yankewar numfashi, ko suma, asibiti zai nufa a take.

"Baba, da ka ƙara jinkiri, da yanzu shanyewar ɓarin jiki muke magana."

Alhaji ya ƙura wa silin ido. Hajiya Sauda ta yi hamdala a ranta, ta ce yau dai magana ta shiga. Can ya juyo wajen Hammajoda, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka dai ji da kunnenka na ce babban mutum ne."

Yanzu Hajiya ke riƙe da maganinsa, ita ke caje aljihun babbar riga kafin ya fita. Ƙirjin ya kwanta luf, Alhaji ya yi ƙiba, barci har da minshari a majalisa. Ranar Talatar da ta wuce taransifomar unguwa ta kama wuta da rana tsaka, ba ta nemi izinin kowa ba. Sai da aka tashe shi aka gaya masa.