Ranar da Na Aurar da Ofis Gaba Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya a zamanin mulkin soja ba, ina sabon ma'aikaci a ɗakin kwamfuta na wani ofis a Sama Road. Aikina shi ne bayanan katin asibiti: jeri ɗaya na sunayen ma'aikata, ɗaya na matansu. Ni kaɗai na iya SQL, yaren da ake yi wa kwamfuta tambaya da shi, don haka har tafiyata ta canza (a keke nake zuwa daga Dundaye, amma ji nake kamar daga jirgi na sauko).

Sai aka ce wani Kanar zai zo duba aiki. Na kasa zama wuri ɗaya. In goge allo, in leƙa taga, in dawo in sake taɓa umarnin da na rubuta wa kwamfuta, wanda jiya yake aiki lafiya lau. Garin taɓe-taɓen nan na share rabin layin da ke haɗa kowace mace da lambar mijinta.

Kanar ya shigo, Darakta na biye. Na danna. Sunaye suka yi ta kwararowa. Kwamfuta ta ɗauki kowane namiji ta jera masa matan ma'aikata kaf.

Kanar ya ɗora sandarsa a allo. "Wane ne Bulus?"

Malam Bulus, akawunmu, dattijon coci mai mata ɗaya tal, ya ɗaga hannu.

"Duk waɗannan naka ne? Har da Hajiya Luba?"

Hajiya Luba iyalin Darakta ce. Darakta ya juyo kaina: "Kai, mi kaka yi hakanga? Wa ya ba shi iyalina?"

"Yanzu zan gyara, ranka ya daɗe."

Nan take na cusa ƙaramar tambaya cikin babban umarnin don ta tace sunayen, na rubuta sharaɗin a baibai. Allo ya fito fayau, babu mai mata ko ɗaya.

"To," in ji Kanar, "ɗazu ka aurar, yanzu kuma ka saki."

Addu'a nake a ɗauke wuta (ranar ce kaɗai ba a ɗauke ba). Suna fita na gano ɓarnar, rabin layi ce. Kwas ɗin Legas da aka yi mini alkawari aka ba wani, ni kuma aka laƙa mini suna Liman. Shekara da shekaru, duk inda Malam Bulus ya gan ni sai ya ce, "Liman, yaushe za a maido mini matana?"

Tun daga nan, abin da ya kwana yana aiki, in manya na tafe, ko ƙurarsa ba na gogewa.